Salsalar Ƙwayar Taifod: Yadda Ake Bin Sawun Cutar da Ta Daina Jin Magani

A watan Nuwamban 2016, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Aga Khan da ke Pakistan suka fara ganin abin da ya tsaya musu a rai. Jinin yara ne ake aiko musu daga birnin Haidarabad na lardin Sind, ƙwayar taifod kuma tana tsirowa daga cikinsa. Wannan ba labari ba ne a yankin. Abin da ya zama labari shi ne allurar seftiriyakzon ba ta ko girgiza ƙwayar, alhali ita ce madogarar likita idan taifod ya yi tsanani. Da aka jera mata magunguna biyar da aka daɗe ana yaƙar taifod da su, wato kuloramfenikol, amfisilin, Septrin, siforo da ita seftiriyakzon ɗin, sai ta yi kunnen uwar shegu da su duka. Na sha guda ɗaya tak ya rage, azitiromaisin. Bayansa sai allurai masu ɗan karen tsada waɗanda sai an kwantar da mutum a asibiti ake yi masa.

Kafin shekara ta zagayo masu cutar sun haura 300. Tambayoyin da suka taso a lokacin ba madubin likita ne zai amsa su ba. Ƙwaya ɗaya ce ke yawo daga gida zuwa gida, ko kuwa ƙwayoyi ne daban-daban kowacce ta koyi taurin kanta ita kaɗai? Daga waje aka shigo da ita ko 'yar gida ce? Ina ta samo abin da take kare kanta da shi? Amsar kowace tambaya tana da aikin da take jawowa. Idan ƙwaya ɗaya ce, akwai rijiya ko bututun da za a je a nema. Idan da yawa ne, to matsalar tana wajen yadda ake shan magani.

Ni aikina ke nan, gwajin jini da fitsari da bahaya a wani asibiti a Kano, don haka bari in fara nuna iyakar abin da idona ke iya gani. Idan likita ya rubuta kolca, mukan ɗebi jinin majinyaci mu zuba a kwalba mai ruwan da ƙwayoyin cuta ke so, mu saka ta a akwatin ɗumi mai zafi daidai da na jikin mutum. Bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci har biyar, idan akwai ƙwaya a ciki za ta hayayyafa. Sai mu shafa ta a faranti mai daskararren abinci, mu ɗora 'yan ƙananan takardu masu zagaye a kai, kowacce an jiƙa ta da magani iri guda. Washegari da safe in ɗauko farantin in ɗaga shi saitin fitila. Inda magani ke aiki, za a ga fili fes kewaye da takardar, ƙwayar ta kasa matsowa, sai in sa rula in auna faɗinsa da milimita. Inda ba ya aiki, ƙwayar za ta tsiro har ta manne da gefen takardar. Akwai safiyar da mutum zai ɗaga faranti ya ga takardu huɗu ko biyar babu fili ko kaɗan, ya san jinin na yaron da ke kwance a ɗakin yara ne. Ba a sabawa da wannan.

Farantin ya gaya mini wane magani zai yi wa wannan yaro aiki, kuma wannan babban abu ne. Amma bai gaya mini ko ƙwayar da ke jikinsa 'yar'uwar wadda na gani makon jiya daga wata unguwa ba ce. Ƙwayoyi biyu suna iya ƙin jin magunguna iri ɗaya alhali babu abin da ya haɗa su. Don a san dangantaka, sai an shiga cikin ƙwayar an karanta abin da ke rubuce a jikinta.

Kowace ƙwayar bakteriya tana ɗauke da kundin halittarta, wani dogon zare na DNA da aka jera da sinadarai huɗu. Masana suna yi musu alama da haruffa huɗu: A, C, G da T. Kundin ƙwayar taifod yana da haruffa kusan miliyan 4.8, kuma a 2001 aka fara karanta shi tun daga farko har ƙarshe, a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila, daga wata ƙwaya da aka samo a Biyetnam. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi kundin nan gaba ɗaya. Kwafin yakan fita daidai, amma jefi-jefi harafi ɗaya yakan sauya, kuma duk zuriyar da ta fito daga wannan ƙwaya za ta gaji sauyin.

Wanda ya san yadda malamanmu na zaure suke kwafar littafi da hannu ya riga ya fahimci sauran bayanin. Almajiri ya kwafi littafi daga na malaminsa, ya tsallake kalma a shafi na goma. Duk wanda ya kwafa daga nasa zai tsallake wannan kalma, wani kuma ya ƙara nasa kuskuren a shafi na talatin. Bayan shekara ɗari, idan aka tara kwafi hamsin daga Kano da Katsina da Zinder, mai haƙuri zai iya jera su ya ce wannan daga wancan aka kwafe shi, waɗannan biyar kakansu ɗaya, wancan kuwa ta wata hanya ya biyo. Abin da kwamfuta ke yi da kundin ƙwayoyin cuta ke nan. Tana jera su, ta ƙirga haruffan da suka bambanta, ta zana bishiyar salsala. Ƙwayoyin da bambancinsu harafi biyu ko uku ne, rabuwarsu ba ta daɗe ba. Waɗanda bambancinsu ya kai ɗaruruwa, kakanninsu sun rabu tun tuni.

Ba da wannan aka fara ba. Tun 1938 ake rarrabe ƙwayoyin taifod ta hanyar gwada su da wasu ƙananan halittu masu cin bakteriya. Daga baya aka koma datsa DNA gunduwa-gunduwa ana kwatanta tsawon gutsattsarin, hanyar da Amurka ta kafa tsarin PulseNet a kanta a 1996 don bin sawun gubar abinci. A 1998 aka fito da karanta 'yan wurare kaɗan a cikin kundin, kuma da ƙwayar sanƙarau aka fara gwada wannan. Duk suna da amfani, sai dai ga taifod sun gaza, saboda ƙwayoyinsa sun yi kama da juna ƙwarai. Sai da kuɗin karanta kundi sukutum ya faɗo ƙasa warwas sannan aka fara gani sosai.

Mutanen Aga Khan suka aika ƙwayoyi sama da 80 zuwa Cibiyar Sanger, sakamakon ya fito a watan Fabrairun 2018. Ƙwaya ɗaya ce. Duk samfuran sun taru a reshe guda na bishiyar, bambancinsu da juna bai taka kara ya karya ba. Kuma ba baƙuwa ba ce: 'yar wani sanannen gida ce da ake kira H58, wanda ya daɗe a Pakistan. Taurin kanta hawa-hawa ne. Tsofaffin magunguna uku, dama gidansu ya daɗe da daina jin su. Siforo kuwa, sauyin harafi ɗaya a wani wuri na kundin ya riga ya rage masa ƙarfi. Sabon abin da ya shigo shi ne wani ɗan ƙaramin zoben DNA mai zaman kansa da ake kira falasmid.

A nan ya kamata a ɗan dakata, don wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki idan na yi musu bayani. Ɗan Adam daga iyayensa kaɗai yake gado. Bakteriya tana gado daga uwa, tana kuma karɓa daga maƙwabciya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ƙwayoyi biyu sukan haɗu, ɗaya ta miƙa wa ɗaya kwafin falasmid, nan take wadda ta karɓa ta samu duk abin da ke rubuce a ciki. Falasmid ɗin Haidarabad yana ɗauke da umarnin haɗa wani sinadari mai suna CTX-M-15 wanda ke datse seftiriyakzon kafin ta yi aiki, da wani umarnin da ya ƙarasa kashe ƙarfin siforo. Da aka kwatanta shi da waɗanda aka sani, sai aka ga ya yi kama sosai da na E. coli, ƙwayar da ke zaune a hanjin kowa. Ke nan a cikin hanjin wani mutum, ko a cikin wata kwata, ƙwayar taifod ta haɗu da ƙwayar hanji ta karɓi wannan kaya, sau ɗaya, sannan zuriyarta ta bazu.

Sanin cewa ƙwaya ɗaya ce ya daidaita tunanin hukuma. Da aka zana gidajen masu cutar a taswira, sai aka ga sun taru a unguwannin Latifabad da Kasimabad, kusa da magudanun bahaya da ke gurɓata ruwan sha. A farkon 2018 aka fara yi wa yaran Haidarabad sabuwar allurar rigakafin taifod. Ƙwayar dai ta riga ta isa Karaci, kuma zuwa ƙarshen 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka kamu a lardin. Matafiya sun kai ta Ingila da Amurka, inda aka gane ta da zarar an karanta kundinta. A Nuwamban 2019 Pakistan ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa wannan allura cikin rigakafin yara na yau da kullum, ta fara da yara kusan miliyan 10 a Sind.

Taurin kan ƙwayar taifod yana da tarihi mai tsawo. A 1948 aka fara warkar da taifod da kuloramfenikol a Malaya, cutar da a da takan kashe mutum ɗaya ko biyu cikin goma ta koma kashe ɗaya cikin ɗari. A 1972 aka yi annoba a Meziko da ƙwayar da ba ta jin sa. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 ƙwayoyi masu ƙin magunguna uku a haɗe sun zama ruwan dare a kudancin Asiya. Ba a san da yawa daga cikinsu 'yan gida ɗaya ba ne sai da aka zo zamanin karanta kundi. A 2015 aka wallafa nazarin ƙwayoyi 1,832 daga ƙasashe 63, kusan rabinsu H58 ne, bishiyar kuma ta nuna gidan ya taso daga kudancin Asiya cikin kimanin shekara talatin, ya tsallaka teku zuwa gabashin Afirka ba sau ɗaya ba, ya gangara daga Kenya da Tanzaniya zuwa kudu.

Yadda ya sauka a Malawi ya isa misali. A babban asibitin Bilantaya, tsakanin 1998 da 2010, masu taifod da kolca ke tabbatarwa 14 ne a shekara a matsakaici. A 2011 suka zama 67. A 2014 suka kai 782, kuma kashi 97 cikin 100 ba sa jin tsofaffin magungunan nan uku. H58 ne ya iso. Abin da nake so a riƙe a labarin nan shi ne dalilin da ya sa aka gan shi: asibitin yana yi wa masu zazzaɓi kolcar jini tun 1998, yana kuma adana ƙwayoyin. Da ba haka ba, da an ce dai bana zazzaɓi ya yi yawa, a ci gaba da rubuta maganin da ba ya aiki.

To mu fa? Mai karanta wannan tarihi zai ɗauka H58 ne ke damunmu mu ma. An duba. Tawagar Farfesa Stephen Obaro ta tara ƙwayoyin taifod 128 daga jinin yara a Abuja da Kano tsakanin 2008 da 2013, aka karanta kundinsu, sakamakon ya fito a 2016. Ko ɗaya babu H58. Mafi yawansu 'yan wani gida ne da aka sa wa lamba 3.1.1, wanda danginsa suke nan Afirka ta Yamma. Amma rashin H58 bai zama sauƙi ba, domin namu ma da yawansu ba sa jin tsofaffin magungunan, kuma da nasu falasmid suka kai ga haka. Daga baya masu bincike a Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Iruka Okeke, suka ga wannan gida dai shi ne ya mamaye kudu maso yamma, da yawa daga cikin 'ya'yansa kuma sun samu sauyin harafin da ke rage ƙarfin siforo.

A ganina wannan shi ne sakamako mafi muhimmanci a wurinmu, kuma bai samu kulawar da ta dace da shi ba. Ƙwayarmu a nan ta koyi taurin kanta. Ba wani ɗan kasuwa ne ya ɗauko mana ita daga Indiya ba. A cikin kafso ja da baƙi da ake saya guda huɗu a kemis ta koya, da siforon da ake sha kwana biyu a ajiye da zarar jiki ya yi sanyi, da ruwan da ke bi ta bututun da ya ratsa kwata. Kuma sinadarin nan CTX-M-15 da ya mayar da ƙwayar Haidarabad abin tsoro ba baƙo ba ne a asibitocin Najeriya, ana samunsa a E. coli da wata ƙwayar mai suna Klebsiella. Ƙwayar taifod tana nan, kayan da za ta karɓa suna nan, seftiriyakzon kuwa yanzu har a shagon unguwa ana tsira wa mutane ita. Ban ce abin da ya faru a Sind lallai zai faru a Kano ba. Na ce duk abin da ya haɗu can ya haɗu nan, kuma jadawalin maganin da aka tsara bisa ƙwayoyin Asiya ko na gabashin Afirka ba lallai ya dace da namu ba.

Ba ƙasashe kaɗai ake bi da wannan hanya ba, har gado da gado a cikin ɗaki ɗaya ana bi. A 2011, a sashen jarirai marasa lafiya na asibitin Rosie da ke Kambirij, aka samu jarirai 12 cikin wata shida ɗauke da MRSA, ƙwayar da ke kawo maruru da ruɓewar rauni, wadda ta daina jin dangin fenisilin. Ma'aikatan sun yi zargin yaɗuwa take yi a ɗakin, amma ba su da hujja, don akwai makonnin da ba a ga kowa da ita ba. Da aka karanta kundin sai ga wani sabon iri da ba a taɓa gani ba, wanda ya haɗa mutum 26: jarirai, iyaye mata a ɗakin masu jego, da wasu da suka riga suka koma gida suka dawo da ƙurji. Wasu kuma da aka yi zaton suna ciki, kundin ya fitar da su. Aka wanke ɗakin tas. Bayan kwana 64 sai ga wani jariri da ita. Tsohon tunani zai ce sabuwa ce aka shigo da ita daga waje, amma haruffan suka nuna ita ce dai. Sai aka gwada ma'aikata 154, aka samu mutum ɗaya yana ɗauke da ita ba tare da ya sani ba, lafiyarsa ƙalau. Aka ba shi hutu da maganin da ya raba shi da ita, yaɗuwar ta tsaya. Ba a taɓa bayyana sunansa ba, kuma haka ya dace.

Haka ya dace saboda bishiyar salsala dangantaka take nunawa, ba ta nuna wanda ya shafa wa wani. Shi kansa ma'aikacin yana yiwuwa daga wani jariri ya ɗauka. Ga taifod abin ya fi wuya, don ƙwayarsa ba ta kai sauyin harafi ɗaya a shekara ba a ƙiyasi, alhali wani irin MRSA yakan sauya harafi duk bayan mako shida. Mutum biyu a Fagge da Gwale suna iya ɗauke da ƙwaya iri ɗaya sak ba tare da sun taɓa shan ruwa ɗaya ba. Sannan akwai zaluncin da taswira ke yi: inda ake gwaji nan cuta ke bayyana. A 2008 aka gano wani sinadari mai karya manyan allurai a jikin wani majinyaci a Suwidin wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a Indiya, aka laƙaba masa sunan birnin Delhi, gwamnatin Indiya ta yi ta ƙorafi. Ƙasar da ta buɗe ɗakunan gwajinta ita ake nunawa da yatsa. Wadda ba ta gwada komai sai ta fito fari fat a taswira, mai kallo ya zaci lafiya lau take.

Mu muna cikin masu fitowa fari, ba don lafiya ba. Babban nazarin da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba. Amma ƙwayoyinmu da aka karanta kundinsu 'yan kaɗan ne. Mutane sukan ɗauka rashin na'ura ne. Na'urar tana da tsada, gaskiya ne, sinadaranta ma da dala ake saye, amma akwai ta a Ibadan, akwai ta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, akwai ta a ɗakin gwaji na hukumar NCDC a Abuja, har akwai wata ƙarama ta kamfanin Oxford Nanopore da ake riƙewa a tafin hannu a jona ta da kwamfuta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da za a saka mata. Na'ura ba ta karanta zazzaɓi, ƙwaya take karantawa, ƙwaya kuwa sai an raine ta daga jinin majinyaci.

Nan ne gwajin Widal ya yi mana illa. Gwaji ne da wani likitan Faransa ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa, kuma wanda ya girma yana shan ruwan da muke sha, jikinsa ya daɗe da sanin ƙwayar da danginta. Maleriya ma takan ɗaga shi. Saboda haka lafiyayyen mutum yana iya fitowa da 1/160 a ce masa yana da taifod. Yana da arha, ana gamawa cikin 'yan mintoci, shi ya sa ya cika gari. Kullum sai wata uwa ta tsaya a tagar ɗakinmu da takardar kolca a hannu ta ce, "Ɗana, ai an riga an gwada shi a unguwa, an ce taifod ne da maleriya. Wannan kuma na mene ne, har da jiran kwana uku?" In ce mata, "Mama, wancan ya ce wataƙila ne. Wannan zai nuna mana ƙwayar da kanta, da maganin da zai kashe ta." Sai ta tambayi kuɗin, ta yi shiru, ta ce bari ta je ta dawo. Da yawa ba sa dawowa, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka tsaya ma, galibi yaron ya riga ya sha magani kwana uku ko huɗu, ƙwayar taifod kuwa dama ba ta da yawa a jini. Ko a inda komai ya daidaita, kolca takan kama kusan shida ne cikin goma.

Idan an yi sa'a ƙwayar ta tsiro, saura adana ta. Ana zuba ta a 'yar kwalba a saka a firiza mai tsananin sanyi, digiri 80 ƙasa da sifili, har ranar da za a tura ta inda za a karanta. Na taɓa ganin abin da aka yi wata da watanni ana tarawa ya lalace a ƙarshen mako ɗaya, wuta ta ɗauke, janareta babu mai. Ba wanda ya mutu a ranar, don haka ba wanda ya ɗauke shi asara. Amma tarihin ƙwayoyin wani yanki ne na birni ya tafi, kuma ba a sake samo shi.

Shi ya sa idan na ji ana maganar sayo sabuwar na'urar karanta kundi, nakan so a fara tambayar kwalba nawa ta kolca asibitin ke yi a wata, wa ke biyan kuɗinta, kuma firizar tana da sola ko babu. Kolca ba majinyaci kaɗai take yi wa aiki ba, gari take yi wa, don haka bai kamata a bar wa uwar yaro nauyinta ita kaɗai ba. Malawi ta sa allurar rigakafin taifod cikin tsarinta a 2023, Laberiya da Zimbabuwe tun 2021, kuma a Malawi da Zimbabuwe alƙaluman da suka fito daga kwalaben nan na cikin hujjojin da aka kafa.

Akwai wata hanya da ake gwadawa wadda ba ta jiran majinyaci ya zo. Ƙwayar taifod a jikin mutum kaɗai take rayuwa, ta bahaya take fita, har daga waɗanda suka warke amma ta maƙale musu a maɗaciya. Don haka ana ɗibar ruwan kwata a nemi DNA ɗinta a ciki, kuma an gwada haka a Bilantaya, da Velo a Indiya, da Agogo a Gana. Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce, domin tun 2011 ake ɗibar ruwan manyan magudanunta ana neman ƙwayar shan inna, akwai ma'aikatan da suka san wuraren da lokacin ɗiba. Ruwan kwata zai iya nuna unguwar da taifod ya fi yawa. Sai dai a cikinsa DNA na dubban ƙwayoyi ne a cakuɗe, kuma idan aka ga CTX-M-15 a ciki, da wuya a ce na taifod ne ko na E. coli da ke gefensa. Wannan sai an samu ƙwayar ita kaɗai a faranti.